Wanda Ya Buɗe wa Basarake Ƙofa

Allurar ta shige shi a kafaɗa. Na'ibi ya zabura, Mastura kuwa ko kai ba ta ɗaga ba.

"Habibti, da gangan kika yi..."

"Tsaya kyam. Riga nake gwadawa."

Da gangan ɗin ta yi, shi ma ya san dalili. Shekaranjiya mahaifinta Malam Husaini, da ciwon gwiwarsa, ya tako daga ƙarshen unguwar Nuzla har gidan su Na'ibi don ya wanke 'yarsa. Rabi, 'yar kawun Na'ibi da ta daɗe da ɗora ido a kansa, ita ta baza a unguwa wai Mastura na shiga gidan Nasara ba mayafi. Hajiya Turai, uwar Na'ibi, ta ji ta hau kai ta zauna, ta ce maganar aure halas. Tsoho ya yi sallama, ya ƙwanƙwasa, ya sake, rana na dukansa, maƙwabta na leƙe ta taga. Na'ibi yana ciki. Uwarsa ta ce in ya taɓa sakatar ba ta yafe ba, bai kuwa taɓa ba.

Gidan Nasara kam tana shiga, da mayafinta da almakashinta. Turawan kamfanin jiragen ruwan da Na'ibi ke yi wa tafinta a tasha ne suka shirya wasan kwaikwayo a saman benensu, matar manaja ta ba ta ɗinkin kayan. Labarin wani basaraken Ingila ne na zamanin da, ɗan lelen sarauniya, wanda fadawa suka ɓata shi a wajenta. Ya zare takobi ya bi titunan birni yana kiran jama'a su raka shi fada, kowa ya rufe ƙofarsa. Aka kama shi aka fille masa kai. Riga biyu Mastura ta ɗinka wa basaraken, ja ta tawaye da baƙa ta ranar yanka.

Turawan ba su da yawa, sai suka ɗebo leburorin tasha su zama mutanen birni. Leburori ba sa jin Turanci, don haka aka ce su riƙa kallon Na'ibi, abin da ya yi shi za su yi. Aikinsa bai taka kara ya karya ba: ya leƙo ta ƙofar katako, ya ga basarake, ya mayar ya rufe.

Tana cire allurai ta tambaye shi, da mutum ɗaya ya buɗe wa basaraken fa, me zai faru? Na'ibi mai son a tambaye shi ne, nan da nan baki ya buɗe. Ya ce ai da maƙwabcinsa ma ya fito, don mutane ƙofar maƙwabci suke kallo kafin su motsa. Da kafin la'asar an cika fada, da masu zuga sun tsere ta baya, da dole sarauniya ta ji magana daga bakin mai ita.

"Ashe ka sani."

"Abin da ya wuce ne, Mastura. Ba a sake shi."

"Sun iya zaɓe. Kai ba sai an koya maka rufe ƙofa ba."

Tana son shi, abin da ya fi ba ta haushi ke nan.

Ranar wasa, bayan la'asar, tana bayan labule da zare a hannu saboda ko wani abu zai ɓarke. Akawun kamfani da ke basarake, jajur da zufa cikin jar riga, ya iso ƙofar farko ya buga. Na'ibi ya leƙo. Ta bayan kafaɗar Baturen ya hango Mastura, ita kuwa zarenta kawai take kallo. Sai ya wangale ƙofar, ya fito ya tsaya bayan basarake.

Leburori suka yi abin da aka ce musu. Wani ya ce "Yalla!", 'yan Yaman da Takari da Sudaniyawa suka ɓarko gaba ɗaya. Akawu yana ta haddarsa cewa kowa ya guje shi, ga jama'a dafifi a bayansa. Suka ciccibe shi sai karagar mulki. Dogarai biyu masu mashin kwali suka ba da hanya, matar manaja da ke sarauniya ta sauko tana dafe da gashin aro, hauni ya tsaya da gatarinsa ba aikin yi. 'Yan kallo suka yi ta dariya. Manaja bai yi ba, kuma kamfaninsa ne kafilin Na'ibi, wato mai tsaya masa ya zauna a ƙasar.

Washegari aka sallame shi. In bai sami wani kafili ba kafin iƙamarsa, takardar izinin zama, ta ƙare, sai a kora shi a jirgin Bur Sudan. Rabi na jin haka son ya sake ta. Mastura ko a jikinta, a ido dai. Ta aika masa cewa ƙofar katako ce ya buɗe, ta gaskiyar tana nan yadda ya bar ta.

Da azahar Na'ibi ya durƙusa gaban uwarsa, ya ce ya kunyata dattijo a rana, zai je ya ba shi haƙuri a ranar. Hajiya Turai ta juya masa baya, amma ba ta maimaita maganar rannan ba. Ya zare sakata ya fita. Kawunsa Ubale ya gani ya bi shi, sai mai shagon kusurwa, sai waɗanda suka yi leƙe rannan. Can ƙarshe ga Hajiya Turai cikin abaya, tana cewa ita ta fito ne kawai don kada a ce ɗanta ba shi da kowa.

Mastura na kan keken ɗinki ta ji bugu. Ƙafarta ta tsaya, farin ciki ya kama ta har ta ji kunyar kanta. Kafin a yi bugu na biyu Malam Husaini ya ɗingisa ya buɗe.

"Baba, da ka bar shi ya ɗan sha rana..."

"Na san zafinta, 'yata."

Kafin aikin hajji aka ɗaura aure. Na'ibi ya sami kafili a wajen masu saukar alhazai, albashin bai kai na da ba. Baƙar rigar ranar yanka kuwa, da ba wanda ya taɓa sa ta, Mastura ta farke ta ta yi labulen ƙofar ɗakinsu.