Awarwaron da Ya Yi wa Diem Shaidar Zur

Ni na fara gane shi, duk wanda ya ce ya riga ni ƙarya yake yi. Tun Garrett Voss bai da ko kujerar ofis ya shigo shagon kofin da muke dara a San Jose, yana tallan wani awarwaro wai yana gane barasa a gumin mutum. Ya gaisa da ni, ya goge hannunsa a wando. Ban taɓa zama a aji ba, amma ni da na haye teku a kwale-kwale, ruwa ya cinye abokan tafiyata ya bar ni, na san idon macuci. Na ce wa 'yan dara yaron nan sai ya sa wata kuka. Suka yi dariya. Kafin a ankara hotonsa ya cika mujallu, attajirai na bin sa, kotuna na sayen awarwaronsa.

A kan Diem abin ya faɗo, baiwar Allah mai gyaran farce a shagon kusa da mu. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya, Quynh. Turaren makoki bai huce ba surukarta, tsohuwa Loc, ta kai ta kotu, wai mashayiya ce, ba ta isa riƙon jikarta ba. Alƙali ya ce a ɗaura mata awarwaron. Diem har godiya ta yi, domin tun da aka haife ta giya ba ta taɓa leɓenta ba.

Sati bai zagayo ba na'urar ta ce ta sha. Washegari ma ta ce ta sha... kullum ta sha, tun safe, tana duƙe a kan ƙafafun mutane tana goge farce. Aka raba ta da yarinyar tana riƙe da gefen rigarta.

"Ma, ku dubi Allah," ta ce, gwiwoyinta a ƙasa a ƙofar surukarta. "Shekara nawa ina dafa muku abinci? Kun taɓa jin warinta a bakina?"

"Ni zan yarda da ke ko da na'urar da ta fito a talabijin? Tashi, maƙwabta na kallo."

Matan da ke kawo mata farce suka janye hannu. Mai shago ta mayar da ita wankin tawul a baya. Ranar Asabar kaɗai ake ba ta ganin Quynh, wata jami'a na zaune tana kallo. Wata Asabar yarinyar ta matso kamar za ta sumbace ta, sai ta shinshina bakinta, ta sunkuyar da kai. "Kaka ce ta ce in duba..." Diem ba ta yi kuka a gabanta ba. Sai da ta koma ɗaki ta kunna turare gaban hoton mijinta, hawaye na bin wuyanta. "Ka ga uwarka? Ya Ubangiji, na gaji. Ba na roƙon ka hukunta kowa, 'yata kawai nake so."

Ta rame har awarwaron na zamewa. In ta wuce nakan ce, "'Yata, ci wani abu." Ta ce, "Kawu, abinci ba ya ciyuwa."

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Masu fenti, masu aikin asibiti, iyaye mata da aka raba da 'ya'yansu suka yi ta kai ƙara, har ma'aikatan Voss suka tsaya gaban alƙali suka ce tun farko ya san tururin maganin goge farce ma giya na'urar ke kiransa, ya ce a rufe baki a ci gaba da sayarwa. Aka same shi da zamba, aka wuce da shi kurkuku, ba mai ɗaukar hoto ko ɗaya da ya yi wa murmushi.

Shekara biyu ta tafi kafin a mayar wa Diem 'yarta. Tsohuwa Loc da kanta ta kawo akwatin yarinyar, kai a ƙasa, domin a bikin sabuwar shekara ba gidan da ya buɗe mata ƙofa.

"Diem... na'urar ce ta ruɗe ni."

"Kafin na'urar kuka kai ni kotu, Ma. Ku ajiye akwatin."

Diem ta zauna a bakin matakala, Quynh ta kwanta a cinyarta, ƙafafunta har sun kai ƙasa saboda tsawo. Diem ta so ta yi magana, barci ya sace ta a zaune, da rana tsaka.

Mai shakka ya zo shagon kofi, teburin ƙarshe, ya faɗa a gaban idona. Na tsufa, amma sandata ba ta tsufa ba.