Asabar Ɗin Da Ashiru Ya Zaɓa

Hajiya Ummukulsum na tsintar shinkafa a tsakar gidan mijinta Malam Jumare da ke Ƙofar Kibo, ta ɗago kai ta sake tambayar 'yarta Radiya wane irin dakta ne Ashiru zai zama, tunda ba ya allura kuma ba ya rubuta magani.

Sau biyu Radiya na yin bayani. Ashiru, saurayin da ke nemanta, ilimin yanayi ya karanta. Ya tattara awon ruwan sama na shekara talatin a ƙasar Zazzau, yana binciken abin da ke sa damina ta makara bana ta yi sammako baɗi. Yanzu wata cibiyar bincike a ƙasar waje ta ba shi gurbin digiri na uku, shekara huɗu, har an yarda ya zo da iyali. Oktoba zai tashi, saura kawai Malam ya sa musu rana. Hajiya ba ta riƙe ko ɗaya ba. Wanda zai auri Fiddausi, yayar Radiya, likitan asibiti ne mai farar riga, shi ba ya buƙatar dogon bayani.

Radiya ta gaji da jin kunyar kwatancen, ta gajarce zance. "Mama, shi ne yake sanin ranar da za a yi ruwa."

Hajiya ta ajiye farantin. Yau dai an faɗa mata abu mai amfani.

Ranar Juma'a Ashiru ya shigo gaisuwa, ya durƙusa daga bakin ƙofa kansa a ƙasa. Hajiya ta ce masa bikin Fiddausi ya faɗo cikin Agusta, kuma a filin ƙofar gida mata za su yi walima. Asabar biyu ake dubawa, ta farkon wata da ta ƙarshe. Wacce ce ba ruwa?

Ana cikin Yuni a lokacin. Ashiru ya san babu mahalukin da zai faɗi abin da sama za ta yi a yini guda saura wata biyu, shi da kansa ya rubuta haka a babi na biyu na kundinsa. Sai dai babi na biyu bai taɓa durƙusawa gaban suruka ba. Ɗan da aka yi wa tarbiyya a cikin ganuwar Zazzau ba ya nuna wa uwar budurwarsa cewa tambayarta ba ta da amsa. Ya ƙura wa tabarma ido, ya ce ta ƙarshen za ta fi, in sha Allahu.

Hajiya ta riƙe "ta ƙarshen". In sha Allahun kuwa ta ɗauka ladabi ne.

Da Radiya ta rako shi zaure ta ce ya kamata a gyara maganar, ya ce lallai kuwa. Suka rabu kowa na jiran ɗan'uwansa ya fara. Hajiya kuma ta fasa kama ɗakin taro, ta ce kanofi biyu sun isa, na rana. Kafin labarin ya kai Tudun Jukun ya yi ƙiba, ana cewa surukin gidan Malam Jumare ya ɗaure ruwa.

Saura kwana uku biki Ashiru ya buɗe laftof ɗinsa, ya ga hadari na haɗuwa daga gabas a hotunan tauraron ɗan'adam. Wannan karon aikinsa ne sak, kuma bai ga wurin shakka mai yawa ba. Ya rubuta wa Radiya saƙo, ya tuno fuskar Hajiya, ya goge. Ya shiga addu'ar Allah ya sa iliminsa ya kuskure.

Bai kuskure ba. Ranar walimar, bayan la'asar, iska ta ɗauki kanofi ɗaya ta ajiye a rufin maƙwabta, ruwa ya biyo baya. Mata da leshi da gwaggwaro suka cushe a zauren karatun Malam, waina na iyo a faranti, amarya na kuka kwalliya na bin kumatunta. Wata gwaggon ango ta leƙa waje ta tambaya a hankali ko mai ɗaure ruwan ya manta igiya a gida.

Malam Jumare bai ɗaga murya ba, ba halinsa ba ne. Washegari ya ce wa Hajiya a dakatar da maganar Ashiru. In yaron ya yarda da abin da ya faɗa, da'awar sanin gaibu ce, shi kuwa ba ya bai wa boka 'ya. In bai yarda ba ya faɗa, ƙarya ce. Yaron ya zaɓi wanda ya fi masa sauƙi.

Sati uku Radiya na kuka a ɗaki, ba ta iya haɗa ido da yayarta. Ashiru ya koma zagayawa ta Ƙofar Gayan don kada ya bi ta layin. Cibiyar kuma ta aiko cewa in takardar aure ba ta iso kafin ƙarshen Satumba ba, shi kaɗai za a nema wa biza. Abokansa suka ce ya ɗora wa sauyin yanayi laifin, tunda shi ba ya musu.

Radiya ce ta fara. Ta durƙusa gaban mahaifinta ta ce ita ta ƙara wa aikin Ashiru gishiri, don ta ji kunyar a ce nata mijin awon ruwa yake yi. Malam ya saurara, ya ce ya ji nata, saura na mai gemu.

Da hantsi, bayan an tashi karatu, Ashiru ya yi sallama a zaure ya zube.

"Allah ya gafarta Malam, ban san ranar ba. Babu mai saninta daga nesa haka. Kunya ce ta hana ni faɗa."

Malam ya tambaye shi to su masu ilimin yanayin me suka sani, da har ake tafiya wata ƙasa shekara huɗu a kansa. Ashiru ya ce ba su wuce manomi mai duban gabas ba, sai dai su da na'ura suke dubawa, suna rubutawa, don a iya gaya wa mai shuka ya jira ko ya fita. Kwana uku zuwa biyar suke hangowa, shi ma da kuskurensa. Muryarsa ta yi ƙasa, ya ƙara da cewa ya ga hadarin saura kwana uku biki, amma bai gaya wa kowa ba.

Malam ya daɗe yana jan carbi.

"Malam Ashiru, na farkon kunya ce, kowane suruki na da ita. Na biyun tsoro ne. Ranar da ba ka sani ba ka yi magana, ranar da ka sani ka rufe baki. Shekara arba'in ina karantarwa a nan, da wuya yini ya wuce ban ce ban sani ba, kuma ɗalibi ko ɗaya bai gudu ba."

Ya ce ilimin ba bokanci ba ne, ya gamsu. Amma ba shi Malam aka jiƙa ba. Sai Ashiru ya shiga ciki ya maimaita wa Hajiya, sannan ya je gidan Fiddausi ya maimaita a gaban dangin mijinta, kada ya rage kalma.

Ya je. Gwaggon nan ta sa ya faɗi sau biyu, wai kunnenta ɗaya ba ya ji sosai. Ya faɗa yana gumi. Fiddausi ta yafe, Hajiya ta yi kwana biyu tana cika kafin ta huce, ta ce ita ma da ta bar yaron ya ɗago kai da ta ga amsar a fuskarsa.

An ɗaura auren saura kwana shida wa'adin ya cika, Oktoba kuma suka tashi tare.

Kunya ado ce ga ɗan mutunci, amma wadda ta hana ka gaya wa surukai gaskiya ba girmama su ta yi ba, kanka ta kare. Mai neman ilimi ya fara koyon faɗin iyakarsa a gida, kafin ya je neman digiri a kai.