Asabar Ɗin da Rafi Ya Kawo

"A ɗaga bikin? Sadisu, ka san abin da bakinka yake faɗa kuwa?"

"Ban ce a fasa ba, Juwai. Cewa na yi a ɗaga, ko a dawo da ɗaurin auren nan Zuba."

"Saura mako guda fa! An raba goro, an gama ɗinki..."

"Na sani, rabin raina. Amma report ɗin yanayi da ya fito yau ba na wasa ba ne. Daga Juma'a zuwa Lahadi akwai ruwa da tsawa, kashi saba'in cikin ɗari. Rafuka duk sun riga sun ƙoshi."

Muna zaune a kan benci a ƙofar gidanmu, motocin ayaba suna ta wucewa zuwa kasuwa. Na zuba masa harara, shi kuwa ya ɗaga kai yana duban sama, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Sadisu ma'aikacin ofishin hasashen yanayi ne a filin jirgi. Yana cikin waɗanda aka kwaso daga Ikko lokacin da gwamnati ta tattara komatsanta ta dawo Abuja, wannan ce daminarsa ta farko a nan. Ina son sa kamar raina, amma mutum ne da ko ranar Sallah sai ya gaya maka za ka jiƙe.

Matsalar ita ce, a gidanmu uba ba ya ba da auren 'yarsa da bakinsa. Yayansa ne yake bayarwa, a ƙofar gidansa. Baffa Saleh kuwa, yayan Baba, yana wani ƙauye bayan Zuba, sai an tsallake rafi ta kan wani ƙaramin kwalbati.

Kunya ba za ta bar Sadisu ya tunkari Baba ba, don haka ya aiki kawunsa, Malam Abdulbaƙi. Shi kuma tsohon ya ga maganar tsawa da kashi-kashi ba ta manya ba ce, sai ya taƙaita. Abin da ya isa kunnen Baba kawai shi ne, "Yaron yana neman a ɗaga rana."

Ranar na ga tashin hankali. Baba, Alhaji Ɗangoggo mai lemo, ya dawo daga kasuwa ko hula bai cire ba ya ƙwala min kira.

"Juwairiyya! Namijin da ya nemi a ɗaga rana, janye jiki yake yi. Wa ya sani ko ya baro wata a Ikko?"

"Baba, wallahi saboda ruwa ne. Ya ce kashi saba'in..."

"To sauran talatin ɗin fa, ba na Allah ba ne? Ki gaya masa, ranar Asabar kafin azahar in ban ga ƙafarsa a ƙofar gidan Yaya ba, na fasa. Ba zan zama abin dariya a Zuba ba!"

Na san Baba. In ya faɗi magana, ko shi kansa ba ya iya dawo da ita. Na kai wa Sadisu saƙon ina kuka, sai ya ce, "Zan zo, Juwai. Ko ta yaya zan zo."

Ranar Alhamis aka kai ni ƙauye don sa lalle a ɗakin Goggo Zulai, ƙanwarsu Baba. Rana tarwai, rafin ko gwiwa bai kai ba. Juma'a ma haka. Goggo tana ɗaura min lalle tana tsiya.

"Ina ruwan angon naki? Ko ya manta bai aiko shi ba?"

Na yi dariya, amma har ga Allah daɗi na ji. A karo na farko na roƙi Allah ya ƙaryata masoyina.

Da asubar Asabar aka kece da ruwa. Tsawa ta dinga dukan gari har kwanukan Goggo suna rawa a kan kanta. Wajen hantsi ya tsagaita ya koma yayyafi, sai muka fara jin wata ƙara kamar ta injin niƙa. Rafi ne ya kawo.

Gidan Baffa yana kan tudu, daga kafar katanga ana hango komai. Kwalbatin ya ɓace. Ruwa ja wur yana tafe da itatuwa da karan masara da ya tumɓuko daga gonaki. A tsallake kuwa motocin 'yan ɗaurin aure sun yi layi, maza cikin manyan riguna sun yi cirko-cirko. Na hango Baba. Shi ma a can yake, ruwan bai san shi ne uban amarya ba.

Rana ta yi ta tafiya, ruwa bai ragu ba. Azahar ta matso.

Sai na ga wani ya cire babbar rigarsa ya miƙa wa na kusa da shi, ya naɗe wando. Ko daga nesa na gane tafiyarsa. Shi da ya fi kowa sanin abin da ruwan nan zai iya yi, shi ne yake gangarawa cikinsa.

Amarya a cikin lalle ba ta fita, ba ta ɗaga murya, sunan ango kuwa ko a ɗaki ba ta kama shi a gaban manya. Ban san lokacin da na ture Goggo ba. Na fita a guje, ba takalmi, mayafi yana jan laka.

"Sadisu! Sadisu, kar ka shiga! Na roƙe ka da girman Allah!"

Ruwa ya kai masa cinya, na ga ya yi tangaɗi. Na juya wajen da Baba yake tsaye.

"Baba, a fasa! Na yarda a fasa! Ka hana shi kawai!"

Da gaske nake. Gara in gan shi mijin wata da in ga ana neman gawarsa a cikin ciyayi.

Ban san ko Baba ya ji ni ba. Na dai ga ya faɗa ruwan da rigarsa ta shadda, ya damƙi Sadisu ta wuyan riga ya fizgo shi baya, suka zube tare a cikin taɓo. Mutane suka yi kansu da salati.

Da suka tashi, Baba ya daɗe yana riƙe da hannunsa. Sannan ya je ya yi magana da liman. Liman ya gyaɗa kai, ya matso bakin ruwa ya yi wa Baffa alama da hannu shi ma ya sauko da mutanensa. Daga baya na ji abin da liman ya ce: muddin shaidu na nan da na can sun ji bayarwa sun ji karɓa, aure ya ɗauru.

Malam Abdulbaƙi ya nema wa Sadisu aurena, amma ƙarar ruwa ta haɗiye muryar tsohon. Baffa ya kama kunne yana girgiza kai. Sai Baba ya matso, ya haɗa tafukansa a baki, ya ɗaga muryar da yake kiran ciniki da ita a kasuwa.

"Yaya! Sun ce suna nema wa Sadisu auren Juwairiyya!"

"Na ba shi!" in ji Baffa.

"Ƙara ɗagawa, ba su ji ba!"

"Na ce NA BA SHI!"

"Sun karɓa! Wallahi sun karɓa!"

Aka shafa fatiha a gaɓa biyu. Matan ƙauye suka rangaɗa guɗa a bayana, Goggo ta iso tana haki ta ja min mayafi ta rufe fuskata.

"Kin zubar mana da mutunci, 'yar nema," ta ce, ita ma hawaye take yi.

Ta cikin mayafin na hango Sadisu tsaye, laka har gira, yana kallona. Ya ɗora hannu a ƙirjinsa. Na durƙushe a wurin na fashe da kuka, don ban taɓa jin daɗi da tsoro sun haɗu min haka ba.

Baba ya sake haɗa tafukansa a baki.

"Juwairiyya! Ki koma ciki, mijinki ya ce akwai wani hadarin yana tafe!"