Jego Ba Jariri

"Afendis za mu ce," in ji mijina, Musaddiq. "Kowa ya san afendis."

"Har Inna?"

"Musamman Inna."

Ina kwance a asibiti a Dutse, ɗinki yana ja na a mara. Ciki ne ya zauna a bututun mahaifa har ya fashe. Sun cire bututun. Ɗayan kuma likita ta ce a toshe yake. Za a iya gwada wani aikin nan gaba, amma ba ta yi alkawari ba.

Mun daɗe muna jira. Da cikin ya samu na yi shiru, don ba a faɗin cikin fari. Ciwon ya fara ne a gidan Inna, surukata, a Kiyawa, ina tankaɗe a gabanta. Ni da na yi karatu har Khartum, na kasa buɗe baki in ce marata. Na ci gaba da tankaɗe har na faɗi.

"Da na yi magana da wuri..."

"Ikilima, ki bari. Cikin nan dama ba mai zama ba ne."

"Bututun fa?"

Ya gyara mini bargo.

"Kai kaɗai Inna ta haifa. Idan ta ji, da wane ido zan kalle ta?"

"Da waɗannan dai, abar ƙaunata. Su na gani na rikice."

Ban yi dariya ba.

Washegarin sallamarmu Inna ta iso gidanmu a unguwar Takur, da ƙatuwar kula a hannu. Na ja mayafi na rufe fuska.

"Sannu, 'yar nan."

"Sannu da hanya, Inna."

Musaddiq ya yi caraf: "Afendis ne, Inna, an ci..."

"Kai, ba mu wuri! Baki kamar mai tallan magani."

Ya fita sumui-sumui. Ta buɗe kular. Ƙamshin ya gaya mini tun kafin in leƙa: kunun kanwa, na masu jego.

"Inna... ba a dama wa mai afendis wannan."

"Ni na ɗaga ki daga tabarma. Ni na wanke zanin."

Hawaye suka ƙwace mini. "Sun ce wataƙila ba zan taɓa..."

"Na tambaye ki?" Ta zuba kunun a kofi. "Tun safe ranar na ga kina dafe mara. Na kau da kai don kada in ba ki kunya. Kin ji kunyata, na ji taki. Ga inda ta kai mu."

"Amma Inna, babu jariri..."

"Wadda ta ɗauka ta sauke mai jego ce. A gidan nan zan yi arba'in, ko mijinki ya so ko ya ƙi. Ungo, sha da zafinsa."

Ba a shan kunu da fuska a rufe. Na janye mayafin, na karɓa da hannu biyu.