Gonar Alhaji ta Baure

A zuriyar Alhaji Abbas Ɗantsoho ba a taɓa haihuwar mai raunin jini ba. Shi da kansa yake faɗa, a ƙofar gidansa da ke Daura, kullum bayan La'asar. Matarsa ta rasu shekara goma sha bakwai da suka wuce, amma iska ce ta buge ta. 'Yarsa Haulatu tana shan magani kullum tun tana ƙarama, amma na gyambon ciki ne.

A layin karɓar wannan magani, a sashen masu cutar ƙanjamau, Haulatu ta fara ganin Zakiyyu, wani mai fataucin awaki daga Kongolam. Wuyansa a kumbure, jikinsa na rawa, yana riƙe da robar ƙwayoyi kamar zai jefi wani da ita.

"Mayar musu zan yi," ya ce, ba tare da an tambaye shi ba. "Kafin in fara sha da ƙafata nake zuwa kasuwa. Sati uku ke nan, dubi yadda na koma."

"Malam, sojojin jikinka ne suka farka," in ji Haulatu. "Da can cutar ta kwantar da su, ko ɓarawo ya shigo ba mai ihu. Yanzu sun tashi sun tarar da gida cike da baƙi, dole a yi rigima. Shiga ka nuna wa likita wuyan nan, amma kada ka daina sha."

"Ke likita ce?"

"A'a. Na dai riga ka shiga layin da shekara ashirin."

Bai mayar da maganin ba. Lambarta ya karɓa.

Sauran samari waƙa suke tura wa 'yan mata. Zakiyyu sakamakon gwajin CD4 yake turawa, wato ƙidayar sojojin jiki.

"Kwamandata, da tamanin na fara. Yau ɗari biyu da goma. Duk sun ce in gaishe ki."

Ta amsa: "Ina amsawa, Ɗan Awakina. Nawa ɗari bakwai ne, ka bar yi min fankama."

Bayan wata takwas ya rubuto: "An duba jinina, an ce ƙwayar cutar ta yi ƙasa har na'ura ba ta ganin ta. Likita ya ce in muka riƙe magani, za mu iya haihuwar lafiyayyu. Ni dai na ji ya ce 'mu'."

Ta ce ya turo manya.

Manyan suka zo, suka faɗi gaskiya tun a zaure, suka koma da goronsu. Alhaji ya ce ba zai haɗa jininsa da mai cutar zamani ba. Yana da wanda ya zaɓa, Mahdi, ɗan amininsa. Mahdi ya yi zance sau huɗu, aka je gwajin kafin aure, daga nan karatu ya kira shi Kano da gaggawa. Alhaji ya bayyana wa majalisarsa cewa na'urorin yanzu duk jabu ne.

Haulatu ta daina cin abincin kirki, amma ba ta daina shan magani ba.

Alhaji yana da wata gona a Baure da yake dubawa duk wata uku, rani da damina. Ba wanda ya taɓa cin geronta. Wata ranar kasuwa maganin Zakiyyu ya ƙare yana Baure, ya shiga asibitin garin da katinsa a taimaka masa. A ƙarshen benci ya ga wani dattijo ya ja rawani har hanci, riƙe da kati irin nasa.

Ya durƙusa. "Baba, barka da hutawa. Ya gona?"

Alhaji ya cusa katin a aljihu.

"Gona alhamdu lillahi," ya ce. "Sai dai gwiwa. Hanyar ta fara yi min nisa."

"Ai ni duk sati ina bin ta, Baba."

Ranar Juma'a aka ce manya su dawo.

A wajen ɗaurin aure, bayan liman ya shafa fatiha, Alhaji ya nemi a ba shi lasifika. Ya ce kowa ya san gidansa da tsabtar jini, amma ya ɗauki 'yarsa lafiyayya ya ba wannan yaro duk da lalurarsa, saboda Allah. Aka yi kabbara. Mutum biyu da suka yi musabaha da ango suka goge hannu a riga. Zakiyyu ya ce amin tare da kowa.

Da aka kai amarya ya zauna yana neman hanyar da zai faɗa mata abin da ya gani a Baure.

"Kar ka wahalar da kanka, Ɗan Awakina," ta ce. "Ina 'yar shekara goma sha biyu na ga robar a aljihun babbar rigarsa. Irin tawa ce. Ya ji na taɓa faɗa?"

Allah ya yi wa auren albarka. Ɗiyarsu ta fari, Rahama, an gwada ta sau uku, ba ta da komai, kuma Alhaji ya ce ai jinin gidansu ta ɗauko. Wasu mahautan Daura har yau ba sa sayen akuyar Zakiyyu. Duk wata uku yakan tayar da babur ya tafi duba gonar surukinsa, ya dawo da amfaninta a baƙar leda, ya ajiye a zaure ƙarƙashin buzun salla.