Koren Ruwa a Ɗakin Yaya

Ranar da Yaya zai koma makarantar kwana, ya ja hannun Auta zuwa ɗakinsa. A kan tebur akwai akwatin gilashi cike da ruwa, da wani ɗan jan kifi yana ta zagaye a ciki. A gefe kuma ɗan inji mai hura iska yana ƙara a hankali, bul, bul, bul.

"Auta, amana na ba ki," in ji Yaya. "Abinci kullum. Ruwa kuma duk Asabar ki rage rabi ki zuba sabo. Kin iya?"

"Sau nawa ina kallo kana yi? Tafi abinka."

Gaskiyarta, ta iya. Sai dai iyawa daban, farawa daban. Likita ya taɓa gaya wa Mama da Baba cewa Auta tana da abin da ake kira ADHD. Hankalinta yana saurin tsalle daga wannan zuwa wancan, kuma ba abin da ya fi mata wuya kamar fara aiki.

Ba da abinci bai dame ta ba, barbaɗawa ce kawai. Amma da Asabar ta zo, sai ta tsaya a bakin ƙofa. Ga bokiti, ga tiyo, ga soso, ga wanke inji. Wanne za ta fara? Ƙafafunta suka yi nauyi, kamar an zuba musu siminti.

"Bari in an jima," ta ce.

An jima ta zama gobe, gobe ta zama jibi. Asabar ta zo ta wuce, wata ma ta bi bayanta.

Ɗakin Yaya ya soma canza kama. Labule a sake yake, ko da rana tsaka ɗakin duhu-duhu. Rigar sanyin Yaya da ke rataye a bayan ƙofa sai ta yi kama da mutum ya juya baya. Ruwan ya fara kore. Ƙarar injin ma ta sauya, ta koma wani irin gurnani mai kama da minshari.

Auta ba ta son ganin ruwan, don yana tuna mata abin da ba ta yi ba. Sai ta ɗauko tawul ta rufe akwatin ruf. Kullum ta ɗaga gefe ɗaya, ta barbaɗa abinci ido a rufe, ta fice da sauri.

"Auta, kin canza wa kifin nan ruwa kuwa?" Mama ta tambaya wata rana.

"Na canza, Mama."

Maganar ta fita kafin ta tare ta. Abincin ranar ma bai yi mata daɗi ba.

Bango ɗaya ne tsakanin ɗakinta da na Yaya. Duk lokacin da ta zauna yin aikin makaranta, tana jin gurnanin nan ta cikin bango, kamar ana kiran ta a hankali.

Wata rana ta dawo daga makaranta, ta ajiye jaka, sai ta ji wani abu ba daidai ba. Ta kasa kunne. Babu gurnani, babu komai. Shirun ya fi ƙarar ban tsoro.

Ta tura ƙofar ɗakin Yaya. Wani warin ruwan kwata ya tare ta. Ta taka a hankali zuwa tebur, ta janye tawul.

Ruwan ya yi kore shar, ba a ganin ƙasansa. Babu kifi. A cikin koren kuwa wata fuska tana kallon ta da manyan idanu biyu.

Ta ja da baya, fuskar ma ta ja da baya. Sannan ta gane tata ce a jikin gilashi. Kuka ya ƙwace mata.

A haka Baba ya same ta. Ya dubi tawul, ya dubi ruwa, ya yaye labule. Da haske ya shigo, suka hango kifin can a lungu, kusa da saman ruwa. Ya karkace, ya koɗe, yana buɗe baki da ƙyar.

"Baba, ƙarya na yi wa Mama. Kullum ina so in yi, sai in kasa farawa. Na kashe wa Yaya kifi."

"Bai mutu ba tukuna," in ji Baba. "Ƙaryar kam laifi ce, za mu zo kanta. Kasa farawa kuwa ba lalaci ba ne, mun san da shi. Da kin faɗa, da mun taimaka tuntuni. Yanzu me za ki yi?"

"Duka."

"Duka ba ya ɗaukuwa, ko ni ba zan iya ba. Ɗauko bokiti kawai."

"Bokiti kawai?"

"Shi kaɗai. Ni ba zan yi miki ba, amma ina nan zaune."

Ya zauna a bakin gado. Auta ta je ta ɗauko bokiti.

"To, sai me?" in ji Baba.

"Tiyo," ta ce, tana share hawaye.

Daga tiyo sai soso. Daga nan ba ta ƙara jiran tambaya ba. Ta rage ruwa, ta goge gilashi, ta ciro injin ta wanke gansakukar da ta toshe shi. Ta zuba sabon ruwa kaɗan-kaɗan, yadda Yaya yake yi. Da ta mayar da injin, sai ya yi tari, ya kama aiki.

Kifin bai warke nan take ba. Ya yi kwanaki ba ya cin abinci, Auta kuwa tana ta leƙe da faɗuwar gaba. Ta ba Mama haƙuri. Ta kuma gaya wa Yaya gaskiya da bakinta a waya.

"Yana motsi?" Yaya ya tambaya.

"Yau ya ci abinci."

"To shi ke nan. Ki ci gaba da riƙe mini shi."

Auta ta ji daɗi ƙwarai.

Tun daga lokacin, in Asabar ta zo ƙafafunta sukan yi nauyi kamar da. Amma ba ta ƙara ɓoyewa ba. Takan leƙa falo ta ce, "Mama, zo ki zauna mini, zan fara." Da Yaya ya dawo hutu, ya tarar da kifinsa ja wur, ya ƙara ƙiba.

Auta ta koyi cewa aikin da aka ɓoye girma yake yi. In farawa ta gagare ka, faɗi gaskiya, nemi mai zama kusa da kai, ka fara da abu ɗaya ƙarami.