Hob Mai Huda Takwas

Da hantsi aka kira Sufeto Sa'adiya Kawu zuwa wani gangare a hanyar Kagoro. Wata tsohuwar motar tsere, ja, mai ƙofa biyu, tana kife a cikin kwari. Duk Kafanchan an san ta, motar Baba Dogara ce, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa. An riga an ciro gawarsa an lulluɓe da zane.

"Ƙaddara ce, madam," in ji sajan ɗin da ya riga ta zuwa. "Tsohuwar mota, tsohon direba."

"Ƙaddara aka turo ka ka bincika? Ina tayar gaba?"

A cikin wata gonar citta aka tsinto ta. Ba ta fashe ba, notinanta kuma suna ɗaure tamau. Abin da ya karye shi ne hob, ƙarfen da ake ɗaure taya da faifan birki a jikinsa. Sa'adiya ta juya guntun a hannunta. Huda takwas gare shi maimakon huɗu, an toshe rabi da walda, gefensa an fere shi ya yi sirantaka kamar marfin gwangwani. Ranta ya ɓaci.

A gidan makoki ta sami Hulda, 'yar marigayin, idanunta a bushe.

"Kowa sai ce mini yake in yi haƙuri, Ubangiji ne ya karɓa," in ji Hulda. "Babana ba ya wasa da birki. Kwanan nan ya sa aka cire tsohon birkin gaba aka saka mai babban faifai, don gangaren nan. Saifullahi bakanike ne ya yi aikin."

"Bayan nan motar ta kwana a wani wuri?"

"Da ya tafi taron majami'a a Samaru Kataf, ya bar ta gidan ƙaninsa, Baba Kumai. Shi ma irinta gare shi, fara."

A garejinsa, Saifullahi ya rantse cewa juyen mai kawai ya taɓa yi wa motar. Sa'adiya ta dangwarar da guntun ƙarfen a kan bencinsa.

"Mutum ya mutu, kana mini ƙarya? 'Yarsa ta ce kai ka yi birkin."

Ya sunkuyar da kai. "Tsoro na ji, ranki ya daɗe. Ni na yi. Amma wallahi wannan ba nawa ba ne. Kafin a saka babban faifai sai an nemo hob da hudarsa ta zo daidai da ta rim ɗin taya, boris ɗinsa da taya ke juyawa a kai ya zauna ba wasa. Mun daɗe muna nema kafin Baba ya samo guda biyu. Gefe kawai aka rage kaɗan don faifan ya hau, ba walda, ba sabuwar huda. Na buga musu harafin sunana da ƙusa ta ciki."

Ta duba guntun. Babu wani harafi.

"Wa ke irin wannan hudar a garin nan?"

"Sai Misbahu mai injin fere ƙarfe."

Misbahu ya ce bai taɓa ganin ƙarfen ba. Sa'adiya ba ta yi musu da shi ba, ta zagaya bayan injinsa, ta ɗauko wani kwali da aka zana da'ira da huda takwas a kai. Ta ɗora guntun, ya zauna cif.

"To, na wane ne?"

Gumi ya karyo masa. "Kumai ne ya kawo. Na wata a-kori-kura ne, ya ce in mayar da su na motarsa, yana son birki irin na yayansa. Na gaya masa naman ƙarfen ya ƙare, in ya hau gangare zai tsage. Ya ce in yi aikina."

"Ka kuwa yi. Za mu dawo kanka."

Ita da sajan da Saifullahi suka sami Kumai a tsakar gidansa sanye da baƙaƙen kaya, masu gaisuwa kewaye da shi, Hulda na gefe. Farar motar tana ƙarƙashin rumfa, fes da ita.

"Ofisa, makoki muke yi," ya ce. "Ni ko bonet ɗin motar yayana ban taɓa buɗewa ba."

"Ba bonet na zo gani ba. Saifullahi, ɗaga motar nan."

Aka sa jak, aka kwance taya, aka zare faifan. Saifullahi ya goge giris da tsumma. Harafin sunan Saifullahi yana nan a jikin hob ɗin, aka duba ɗaya ɓangaren, shi ma haka.



"Aro na yi," in ji Kumai. "Nawa na saka, sitiyari ya dinga kakkarwa. Na ce bari in musanya da na motarsa kafin in samo wasu. Shi ai a hankali yake tuƙi. Tun muna yara komai mai kyau nasa ne, ni sai ragowa."

"An gaya maka zai tsage," Sa'adiya ta ce. "Ka ji tsoron ranka, ka cire, ka ɗaura wa ɗan'uwanka, ka miƙa masa makulli da hannunka. Wannan kake kira aro?"

Sajan ya danna masa ankwa.

Da za su wuce, Kumai ya tsaya gaban Hulda. "'Yata, ki yafe mini saboda Yesu."

Hulda ta miƙe. Ta kama baƙin gyalen makokin da ke wuyansa ta zare, ta naɗe shi a hannunta.

"Gobe za mu binne shi," ta ce. "Ka gode wa Allah da ba za ka kasance a wurin ba."

Sa'adiya ta buɗe bayan motar 'yan sanda, ta jira Kumai ya shiga.